Ƙaya, ƙura da rana: lissafin mai hawan keken motsa jiki a ƙasar Hausa

Duk wanda ya buɗe YouTube yana neman shawara kan hawan keke don motsa jiki, Bature zai tarar yana kukan sanyi. Zai ji ana ta batun safar hannu mai hana yatsu daskarewa, da rigar ruwa, da gishirin da ake barbaɗa wa tituna lokacin ƙanƙara har ya riƙa cin sarƙa. Ba ƙarya suke yi ba, sai dai shawarar tasu an ɗinka ta ne daidai jikin mutumin Landan ko Amsterdam. Mai keke a Kano ko Maraɗi ko Sakkwato kuwa, abin da ke gabansa daban ne: ƙayar da ke kwance a gefen kwalta, ƙurar hunturu, ranar bazara mai haura digiri 40, da direban babbar mota da bai ɗauke shi a bakin komai ba. Wanda ya tsara sayayyarsa da hanyarsa da lokacin fitarsa bisa waɗannan, keken gwanjo mai sauƙin kuɗi zai yi masa hidima shekara da shekaru. Wanda ya bi tsarin bidiyo kuwa yakan narka dukiya a ƙarfe, kafin wata uku keken yana jingine a zaure, kaza tana hawa sirdinsa.

Keke dai ba baƙo ba ne a wurinmu. An yi zamanin da Raleigh yake abin taƙamar malamin makaranta da akawu, har masana'antar haɗa shi aka kafa a Kano. Daga baya Phoenix na ƙasar Sin ya cika kasuwa, sannan babur ya zo ya ture su duka, keke ya koma abin hawan almajiri da ɗan tireda da mai kai itace gari. Abubuwa biyu ne suka dawo da shi kan titi. Na farko dole ce: Maiduguri ta koma garin kekuna tun da aka hana babura a 2011, sauran garuruwan Arewa kuma sun bi sahu bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Na biyun shi ne likita. Ma'aikaci ko ɗan kasuwa da ya haura arba'in, an auna shi an ga hawan jini ko suga, an ce ya motsa jiki, gwiwa kuma ba ta yarda da gudu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, kuma keke na cikin hanyoyin da ke cika wannan adadi ba tare da dukan gaɓoɓi ba.

Matasa kuma talabijin da waya ne suka ja su. Sun ga Biniam Girmay ɗan Eritriya ya ci zango uku a gasar Tour de France ta 2024, ya kuma lashe koriyar rigar gasar. Sun ga Kigali ta karɓi gasar tseren keke ta duniya a watan Satumban 2025, karo na farko a Afirka. Maƙwabtanmu na Burkina Faso tun 1987 suke gudanar da Tour du Faso, a irin ranarmu da irin ƙurarmu. Nijeriya ce dai har yanzu take jan ƙafa: akwai filin tseren keke a babban filin wasa na Abuja tun wasannin Afirka na 2003, amma a Olamfik ɗin Paris sai da tawagar Jamus ta ara wa 'yar tserenmu Ese Ukpeseraye keke kafin ta shiga tseren cikin fili. Wannan rubutu ba na masu neman lamba ba ne, na mai son ya hau ne don lafiyarsa da nishaɗinsa, ya dawo gida da ƙafarsa.

A wurin mai gwanjo

Yawancin kekunan motsa jiki da ke hannun mutane na Kwatano ne, waɗanda aka hau a Turai ko Japan aka sauke. Akwai masu kyau ƙwarai a cikinsu, kuma a ganina nan ya kamata sabon shiga ya fara. Kuskuren da aka fi yi shi ne ido ya tafi kan keken tsere mai lanƙwasasshen kai da taya siririya, don shi ake gani a talabijin. An yi shi ne don kwalta mai sulɓi. Titinmu kuwa rami ne, da tudun rage gudu da 'yan unguwa suka gina da kansu, da yashin da ruwa ya tara a kwana. Abin da ya fi dacewa shi ne keken da ke tsakanin na tsere da na daji, mai miƙaƙƙen kai, wanda zai karɓi taya mai faɗin milimita 35 zuwa 40, ko kuma keken daji maras sifirin a baya. Keken daji mai araha da aka cika wa sifirin gaba da baya nauyi ne kawai, rabin ƙarfin ƙafa a lilo yake ƙarewa.

Nauyi ba shi ne abin damuwa ba. Baƙin keken da muka sani yakan kai kilo ashirin, na alminiyam mai kyau yana tsakanin goma da sha uku, na 'yan gasa kuma doka ta hana ya gaza kilo 6.8. Kuɗin da ke tsakanin kilo sha biyu da kilo takwas ya isa sayen babur, alhali a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Kano da Katsina da Damagaram bambancin da mai hawa zai ji kaɗan ne. Jikin keke na kabon kuma, in dai na hannu ne, a bar wa mai shi. Ƙarfe in ya bugu yakan lanƙwashe kowa ya gani, mai walda ya gyara. Kabon kan tsage ta ciki, fenti ya rufe, sai ranar da ya ga dama ya karye a ƙarƙashin mutum. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Abin dubawa kafin a biya ba shi da yawa. A ɗaga kowace ƙafa a juya ta a ga ko tana layi. A kama birkin gaba a jijjiga keken gaba da baya, in wuya yana ƙas-ƙas to boris ya ci. A dubi haƙoran giya, in sun yi tsini kamar an fiƙe su, sarƙa da giyar duk sun gama aiki. Sai girma, wanda ya fi duk waɗannan: keken da ya yi wa mutum tsawo ko ya yi masa kaɗan ba ya gyaruwa da sifana. Giya kuwa, Shimano mai hawa bakwai ko takwas ko tara ta fi kwanciyar hankali, domin sarƙarta da wayarta ana samu a kasuwa, mai gyaran keke na bakin titi ma ya san ta. Mai hawa sha biyu da ke canzawa da batir, ranar da ta lalace sai an jira saƙo daga Legas ko Dubai.

Taya ita ce rabin keke

In da za a ce mutum ya kashe kuɗi a wuri ɗaya tak, taya zan ce. Tsidau da ƙarangiya da ƙayar bagaruwa da ta aduwa, ga fasassun kwalabe da 'yan siraran wayoyin da ke fita daga fasasshiyar tayar mota, duk a gefen hanya suke taruwa, daidai inda mai keke yake bi. Taya mai shimfiɗar kariya a ciki, irin Marathon ta kamfanin Schwalbe da makamantanta, ta fi nauyi, ta fi tsada, amma ita ce bambancin wanda zai yi wata shida bai yi faci ba da wanda zai yi sau biyu a fita ɗaya. Akwai kuma tsarin da ba tiyub, inda ake zuba wani farin ruwa mai kama da madara a cikin taya, yana toshe hudar ƙaya nan take mutum yana tafiya. Yana aiki sosai, sai dai zafinmu na busar da ruwan da wuri, dole a riƙa ƙarawa duk bayan 'yan watanni. Wanda ba zai iya samun ruwan a kai a kai ba gara ya zauna a tiyub.

Ga wani tarko da ke kama kusan kowa. Taya ta sace a bayan gari, mutum ya turo keke har gindin bishiyar mai faci, ya sauke numfashi. Mai faci ya tsuguna, ya kama bakin tiyub ya juya, ya ɗago kai: "Maigida, ai wannan bawul ɗin naka ba irin namu ba ne." Gaskiyarsa. Injin iskarsa na bawul mai kauri ne irin na mota da babur, wanda ake kira Schrader. Kekunan Turai da yawa kuwa siririn bawul ne da su, Presta, mai ɗan ƙaramin noti a ka da ake warwarewa kafin a buga iska. Maganin abin wani ɗan guntun ƙarfe ne da bai kai gaɓar yatsa ba, ana ɗaura shi a kan siririn ya koma mai kauri. A sayi biyu, ɗaya a jaka, ɗaya a bar shi ɗaure a taya. Sai kuma rikicin lamba: baƙin kekenmu tayarsa "28" ce, kekunan Turai da yawa su ma an rubuta musu "28", amma ba sa shiga juna. Abin da za a duba shi ne 'yar lambar da ke jikin taya, kamar 37-622. Ta ƙarshen ita ce faɗin da'irar rim da milimita: 635 na baƙin keke, 622 na mafi yawan kekunan titi, 559 na tsofaffin kekunan daji. Wanda ya je kasuwa da wannan lamba a rubuce ba za a sayar masa da abin da zai dawo da shi ba.

Jakar ƙarƙashin sirdi kada ta rabu da tiyub na ko-ta-kwana, da faci da sholisho, da robobin ɓanɓare taya, da ƙaramin famfo, da 'yan makullan Allen. Bayan an cire tiyub ɗin da ya fashe, a bi cikin taya da yatsa a hankali har a zagaye. Ƙayar da ta yi ɓarnar tana nan a maƙale, in ba a zare ta ba sabon ma ba zai kai kilomita ɗaya ba. Iska kuma ba sai taya ta yi tauri kamar dutse ba. Taya mai faɗi da aka ɗan sassauta ta fi riƙe ƙasa, ta fi tausaya wa ƙugu, kuma a kan hanya mai gargada ba ta rage gudu.

Sarƙa ita ma tana da nata. Al'adarmu ita ce a tsiyaya mata baƙin mai har ta riƙa ɗiga. A lokacin hunturu wannan kashe ta ne, domin ƙura na manne wa man ta zama kamar garin wasa wuƙa, ta cinye sarƙar da haƙoran giya tare. A goge ta da tsumma bayan kowace fita, a ɗiga mai kaɗan a kowace gaɓa, a sake gogewa har sai waje ya bushe, tunda a ciki ake buƙatar man. Mai maras danƙo, ko wanda aka haɗa da kakin zuma, shi ne na rani. Mai kauri sai damina.

Sirdi, hula da sutura

Dubi masu keke goma a titi, takwas sirdinsu ya yi ƙasa, don suna son ƙafa ta taɓa ƙasa suna zaune. A tafiyar cikin unguwa ba laifi. A tafiyar awa biyu kuwa gwiwa ce za ta biya. Ma'aunin mai sauƙi ne: a zauna a sirdi, a ɗora dunduniya a feda tana can ƙasa, ƙafa ta miƙe sak ba tare da ƙugu ya karkata ba. In an mayar da tafin ƙafa wurinsa, gwiwa za ta ɗan lanƙwasa kaɗan, nan ne daidai. Ciwo a gaban gwiwa galibi alamar sirdi ya yi ƙasa ne, a bayan gwiwa kuma ya yi sama.

Sirdi mai faɗi da laushi daɗinsa na minti ashirin ne. Bayan nan mutum ya nutse a ciki, nauyi ya tashi daga ƙasusuwan zama ya koma kan jijiyoyin da ke tsakani. Maganar da maza ke jin nauyin yi ita ce dindiris ɗin da wasu ke ji a gaba bayan doguwar tafiya. Ba abin da za a daure ba ne. Alama ce ta sirdi bai dace ba, ko hancinsa ya ɗaga sama. A daidaita shi ya kwanta miƙe, a nemi mai tsagi a tsakiya, a riƙa miƙewa tsaye a kan feda lokaci zuwa lokaci. In abin ya ƙi wucewa, sai likita. Gajeren wandon masu keke mai soso a ciki yana taimakawa ƙwarai, kuma wanda bai son fita da matsattsun kaya a gaban surukai ba sai ya bar shi ba: ya sa shi a ciki, ya ɗora wando mai sauƙi a kai, ya ɗaure ƙafar dama kada sarƙa ta kama. Abin da ba ya haɗuwa da keke shi ne duk tufar da ke reto, jallabiya ce ko mayafi ko dogon hijabi. In ƙafar baya ta naɗe shi, faɗuwar ba ta da kyau.

Hular kwano ta keke kumfa ce mai tauri a ciki, aikinta ta murƙushe maimakon kai, kuma sau ɗaya take yin wannan aiki. Wadda ta taɓa shan ƙasa ta gama, ko da ba a ga tsaga ba, shi ya sa ita kaɗai ce ba zan ce a saya a gwanjo ba. Ta zauna yatsa biyu saman gira, a ɗaure igiyar. Hular 'yan gini ba ta maye gurbinta, ta babur kuma za ta dafa kai. Sai jar fitila mai walƙiya a baya, ko da rana, musamman ranar da hazo ya sauka direba ba ya ganin nesa. Tabarau kuma don ƙura da tsakuwar da mota ke fesowa.

Hanya da lokaci

Nan ne ainihin maganar take, domin wanda ya daina hawa ba kasafai keke ne ya kore shi ba, tsoron titi ne. Lokaci mafi kyau a garuruwanmu daga idar da sallar asuba ne zuwa wajen ƙarfe takwas da rabi, ranar Asabar ko Lahadi kuma ya fi, kafin 'yan adaidaita-sahu su cika gari, kafin rana ta buɗe. Amma asubar ma tana da nata haɗari: mai keken da ya nufi gabas daidai hudowar rana, direban da ke bayansa rana na cikin idonsa. In da hali, a fara da hanyar da ba ta fuskanci fitowar rana kai tsaye ba.

Iska ita ce tudun ƙasar da ba ta da tudu. A hunturu daga arewa maso gabas take busowa, da damina kuma daga kudu maso yamma. Ƙa'idar ita ce a fita ana fuskantarta da sauran ƙarfi, a dawo tana turawa. Sabon shiga kan yi akasin haka: iska ta kwashe shi kilomita ashirin yana jin ya zama gwani, ya juyo ya tarar da bango, ga rana ta take, ga gora babu ruwa. A Kano, alal misali, mai fita a watan Janairu ya fi dacewa ya nufi wajen Gezawa ya dawo, da ya gangara kudu.

Kalandar kasuwanni ma tana cikin taswira. Hanyar Wudil ranar Juma'a ta motocin shanu ce, ba ta mai keke ba. Hanyar Katsina wajen Dawanau kuwa kullum manyan motocin hatsi ne. Kowane gari yana da irin nasa, kuma babu manhajar da ta san wannan kamar ɗan kamasho a tasha. Manhajojin dai suna da amfani: Komoot da OsmAnd na aiki da taswirar OpenStreetMap, ana iya sauke yanki guda a waya a yi amfani da shi ba intanet, suna kuma nuna hawa da gangara. Sai dai hoton tauraron ɗan'adam na iya zama na rani ne. Hanyar burjin da ta ratsa busasshen rafi a hoto, a watan Agusta kogi ce mai cin mutum. Kafin a bi sabuwar hanya a tambayi wanda ya bi ta cikin makon, ko a fara zagaya ta da babur.

Na fi son hanyar da'ira gajera da ake maimaitawa a kan doguwa mai zuwa da dawowa, musamman ga wanda bai kai wata shida ba. Zagayen kilomita biyar zuwa takwas a harabar jami'a, ko unguwar GRA, ko sabon rukunin gidaje mai kwalta, in an yi shi sau huɗu ya zama tafiya, kuma duk inda matsala ta faru gida na kusa. Ba shi da armashin hoto, amma shi ne ke sa mutum ya ɗore. Mai neman hawa na gaske kuwa sai Jos, wadda ke kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200 daga teku, ga sanyi ga duwatsu. Mutumin Kano da ya je can zai ji numfashinsa ya gajarta a kwanakin farko, zai kuma gane amfanin ƙananan giyoyin da bai taɓa sakawa ba. Gangara irin ta Hawan Kibo, inda tireloli ke shan wahala da birki, ba wurin gwaji ba ce.

Batun tsaro ba a kewaye shi. Akwai hanyoyin daji masu kyau a Arewa da yanzu ba mai hankalin da zai bi su da keke, kuma yanayin na canzawa daga wata zuwa wata. A fita a rukuni, a gaya wa na gida hanya da lokacin dawowa. A kuma kula da waya: manhajar Strava, wadda masu keke ke ɗora tafiyarsu a kai, in an bar ta a buɗe tana nuna wa kowa ƙofar gidan mutum, da ƙarfe nawa yake fita, da hanyar da yake bi duk Asabar. A farkon 2018 taswirar da kamfanin ya wallafa ta tona wuraren sansanonin sojan Amurka a Afganistan da Siriya, daga sawun sojojin da ke gudu da agogo a hannu. Akwai wurin ɓoye farko da ƙarshen tafiya, akwai na taƙaita masu gani. A kunna su tun ranar farko.

Ruwa kuwa, rabin lita zuwa kusan lita guda a kowace awa, gwargwadon zafi, ana kurɓa kaɗan-kaɗan tun kafin ƙishi. In tafiya ta wuce awa ɗaya da rabi, gora ɗaya ta zama ta ruwan gishiri da sukari, a kuma sa dabino ko ayaba a aljihu. Bayan an dawo, fura da nono ta yi duk abin da garin gina jiki na gwangwani mai tsada ke alkawari. Jiki na sabawa da zafi cikin kwana goma zuwa mako biyu in an bi shi a hankali, amma jiri, da ciwon kai, da tsigar jiki na tashi a tsakar rana, da rikicewar tunani, alamu ne na a sauka nan take a nemi inuwa a jiƙa jiki.

Keke a tsakar ɗaki

Bature sanyi ne ke kora shi ɗaki. Mu kuwa dalilanmu sun fi nasa yawa: ranar da hazo ya rufe gari har maƙogwaro na ƙaiƙayi, makonnin Afrilu da ko asuba ba ta da sanyi, ruwan Agusta, azumi, da kuma mata da yawa waɗanda hawa keke a titi ba zai yiwu musu ba amma suna buƙatar motsa jiki kamar kowa. A gida ɗaya, na'urar tuƙa keke a ɗaki guda ɗaya kan wadatar da miji da mata da manyan yara.

Iri uku ne ake samu. Akwai keken da aka yi don ɗaki kawai, mai ƙaton faifan ƙarfe a gaba. Akwai ƙarfen da ake ɗaure ƙafar bayan keke a kai, taya na gogar wata 'yar ganga mai maganaɗisu ko mai ruwa a ciki. Wannan ba ya buƙatar lantarki, shi ya fi araha, amma yana cin taya, don haka a sa masa tsohuwa. Sai na zamani irin na Wahoo da Tacx, wanda ake cire ƙafar baya gaba ɗaya a ɗora sarƙa a kansa, yana magana da waya ko kwamfuta, yana ƙara nauyi in an zo tudu a allo. Da shi ake shiga manhajar Zwift, inda mutum ke tsere da wasu daga ko'ina a duniya, a kan kusan dala ashirin a wata, ko MyWhoosh na Abu Dhabi wanda kyauta ne. Kada a raina abin: a 2016 Mathew Hayman ɗan Ostireliya ya karya hannu ana saura mako shida gasar Paris-Roubaix, ya yi atisayensa a garejin gidansa da Zwift, ya je ya lashe gasar. Sai dai yawancin irin waɗannan na'urori na son wuta da intanet marasa yankewa, kuma kowa ya san halin da muke ciki. Wanda zai sa mai walda ya ƙera masa abin ɗaga ƙafar baya ya tuna cewa taya in tana juyawa a iska ba abin da ke riƙe ta, ba atisaye ake yi ba.

Abin da ya fi na'urar muhimmanci shi ne fanka. Jikin mutum kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin da ya ƙona ne ke isa feda, sauran duk zafi ne. A titi iskar tafiya ke kwashe shi. A ɗaki babu wannan iska, cikin minti goma gumi zai taru a ƙasa, bugun zuciya ya hau ba don aiki ya ƙaru ba. Fanka mai caji, a saita ta daidai ƙirji, a buɗe taga, ko a fitar da na'urar tsakar gida da asuba. Janareta kuma kada a kusantar da shi inda ake haki, a cikin hayaƙinsa akwai iskar da ba ta wari amma tana kisa. A shimfiɗa tawul a kan keken, domin gishirin gumi na cin notuna da boris ɗin wuya fiye da ruwan sama.

Awa ɗaya a ɗaki ta isa, sau da yawa ma minti arba'in. Masu horar da 'yan wasan dogon zango sun daɗe da lura cewa kusan kashi huɗu cikin biyar na atisayensu mai sauƙi ne, ɗaya ne kawai mai tsanani, sabon shiga kuwa kullum a tsakiya yake, ya gaji bai ƙaru ba. Ma'aunin sauƙi ba ya buƙatar agogo: in mutum na iya hira da cikakkiyar jimla yana tuƙi, yana daidai. Ƙafa ta riƙa juyawa sau 80 zuwa 90 a minti a giya mai sauƙi, maimakon danna mai nauyi a hankali irin na mai ɗauke da buhu. Sau ɗaya ko biyu a mako, bayan an yi wata guda ana sabawa, sai a sa mai tsanani: minti goma na ɗumama jiki, sannan minti huɗu da ƙarfi har magana ta gagara sai kalma ɗaya-ɗaya, minti uku a huta ana juyawa a hankali, a maimaita sau huɗu. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko suga ba zai fara wannan ba sai likitansa ya amince, mai shan maganin suga kuma ya ajiye abin zaƙi kusa.

Da azumi, lokaci biyu ne ke aiki: rabin awa mai sauƙi dab da shan ruwa, ko atisaye sosai bayan tarawihi, lokacin da titi ya yi duhu amma ɗaki na nan. Wanda ya yi wata guda ko biyu a kan na'ura, ranar da zai koma titi ƙafarsa za ta fi da ƙarfi, amma hannunsa da idonsa sun yi sanyi: ya manta kauce wa rami, da waiwaye ba tare da keke ya karkata ba, da kama birki a kan yashi. Fitar farko ta zama gajera, a hanyar da ya sani, bayan ya mayar da tayar titi ya kuma gwada birki biyun tun a ƙofar gida.